Kullen pon: abin da ya kamata a sani kafin a sayi motar shiga rairayi a Tasawa da Mayahi

Duk direban da ya taɓa ɗauko mai naƙuda da dare daga wani ƙauye na ƙasar Mayahi ya san irin wannan sa'a. Mota ta taso lafiya, ta gangara wani ɗan kwari, ta karkata za ta hau tudun rairayi, sai ta tsaya cik. Inji yana ruri. Ƙafar gaba ta dama tana juyawa a banza tana watsa ƙasa, ta baya ta hagu ita ma haka, sauran biyun kuwa, waɗanda suke zaune daram a kan ƙasa mai ƙarfi, ko motsi ba su yi. Ga mace kwance a baya, ga ungozoma riƙe da fitila, asibitin gunduma kuma da sauran tafiya. Sai an taso mutanen gari sun zo da shebur da karan gero, a yi ta haƙa ana turawa. Wani lokaci a fita cikin rabin awa, wani lokaci sai asuba.

Idan haka ta faru, jama'a sukan ce motar ce ba ta da ƙarfi, ko kuwa direban ne bai iya ba. Sau da yawa ba ɗaya daga cikin biyun. Ƙarfin yana nan, sai dai yana zubewa ta ƙafar da ba ta riƙe komai. Akwai wata na'ura da aka ƙera domin maganin wannan, wadda makanikai suke kira bulokaji, wato kullen pon. Tana da iri-iri, kuma ba kowane iri ne ya dace da wannan ƙasa ba. Shi ya sa ya kamata magadan gari, da likitocin gunduma, da shugabannin ƙungiyoyin manoma, da duk wanda yake sa hannu a takardar sayen mota da kuɗin jama'a, su san abin da suke saye.

Ƙasar da motar za ta yi aiki

Garin Tasawa yana kan babbar hanyar ƙasa mai lamba 1, kimanin kilomita 120 gabas da Maraɗi, a hanyar Damagaram. Mayahi tana arewa da wannan hanya. A ƙidayar shekarar 2012 kowace daga cikin gundumomin biyu ta wuce mutum dubu 500, kuma mafi yawansu a ƙauyuka suke zaune, inda ba kwalta ba jan burji, sai sawun amalanke a cikin rairayi. Wanda ya je Urafan, ko Atantane, ko Isawan, ko Gidan Amumun, ya ratsa ƙauyukan da ke kewaye da su, ba ya buƙatar a yi masa bayani. Akwai ma ƙaramar hukumar da sunanta kaɗai ya isa shaida: Alasan Mairairai. Ga kuma Gulbin Kaba, tsohon kwarin nan mai goriba da ya ratsa ƙasar Mayahi. Da rani ƙura ne, amma daga Yuni zuwa Satumba, in ruwa ya kwanta a ƙasan kwarin da fadamu, sai wasu wurare su zama taɓo mai santsi.

A shekarar 2005 gwamnati ta ɗauke wa mata kuɗin aikin fiɗa na haihuwa, a 2006 kuma ta ɗauke kuɗin maganin yara ƴan ƙasa da shekara 5. Amma fiɗa a asibitin gunduma ake yin ta, ko a Maraɗi. Matar da mota ta kafe da ita a hanya ba ta amfana da wannan sauƙi ba.

Mene ne difaransiyel?

A ranar hawan salla, in dawaki suka jeru za su sha kwana, mahayin da ke can gefen waje dole ya yi sukuwa, na ciki kuwa ya ja linzami. Haka ƙafafun mota suke. Tsakanin ƙafar dama da ta hagu akwai kimanin mita 1 da rabi. In mota ta yi da'ira guda cikakkiya, ƙafar waje ta fi ta ciki tafiya da mita 9 da wani abu. Da a ce sandar ƙarfe guda ce ta haɗa su, to a kowace kwana sai ɗaya ta ja ƙasa, taya ta cinye, ƙarfe ya murɗe.

Domin haka ne aka sa waɗansu haƙoran ƙarfe a cikin ƙullutun nan da ke tsakiyar pon, mai kama da ƙwarya a kife. Su ne difaransiyel. Wani Bafaranshe mai suna Onésiphore Pecqueur ne ya tsara shi domin keken tururi tun a 1827, kuma har yau asalin aikinsa bai sake ba: yana karɓar ƙarfi daga inji, ya raba wa ƙafafu biyu daidai wa daida, ya kuma bar kowace ta juya da saurin da take buƙata.

To, a nan ne aibinsa yake. Ba ya taɓa ba wata ƙafa ƙarfin da ya fi na ƴar'uwarta. In ɗaya ta ɗage sama, ko ta faɗa cikin ƙasa mai laushi, ɗan ƙarfi kaɗan ya isa ya juya ta. Wannan ɗan kaɗan ɗin ne ita ma ɗayar za ta samu, kuma bai isa ya tura mota mai nauyin tan 3 ba. Kamar ban-ruwa ne a lambu: in kunya ta fashe a wuri ɗaya, can duk ruwan zai bi, sauran fangaloli su zauna a bushe. Motar da ake kira kat-kat tana da pon biyu, kowane da nasa difaransiyel. Saboda haka in ƙafa ɗaya a gaba da ɗaya a baya suka rasa abin riƙo, motar ta tsaya, ko da an sa karabo.

Aikin kulle shi ne ya hana difaransiyel wannan rabo na ɗan lokaci, ya mai da pon tamkar sanda guda, ƙafafun biyu su juya tare ko ɗaya tana bisa iska. Manoman da suka tuƙa tarakta sun san shi: shi ne ɗan fedar nan da ake takawa da diddige in ƙafa ɗaya ta fara haƙa a cikin gona.

Iri huɗu da ake samu

Na farko shi ne wanda direba yake kullewa da buɗewa da hannunsa. In ba a taɓa shi ba, mota tana nan kamar kowace mota. Wani da lantarki yake aiki, kamar wanda kamfanin Toyota yake sa wa waɗansu Land Cruiser 70 da waɗansu Hilux tun daga masana'anta, ko ELocker na kamfanin Eaton. Wani kuma da matsattsiyar iska, kamar Air Locker na kamfanin ARB na ƙasar Ostiraliya, wanda yake buƙatar ɗan injin hura iska da siririn tiyo har zuwa cikin pon. Motocin Unimog na Jamus da irin wannan kulle na hannu suka fito tun ƙarshen shekarun 1940, haka ma Mercedes G da ta fito a 1979.

Na biyu shi ne mai kulle kansa, wanda aka fi sani da Detroit Locker. Kullum a kulle yake in ana ba mota wuta a miƙe, sai a kwana ne yake sakin ƙafar waje. Ba waya, ba tiyo, yana da ƙarƙo ƙwarai. Amma a kan kwalta yakan yi ƙara, yakan fizgi mota in an saki totur ko an taka a tsakiyar kwana, kuma yana cin taya. Majinyacin da aka ɗauko da karaya ko mai zubar jini ba ya buƙatar wannan fizga.

Na uku ba kulle ba ne sosai, mai rage sulɓi ne. Wani yana da fayafai a ciki masu riƙe juna, wani kuma haƙora ne masu murɗe, kamar Torsen, wanda Ba'amurken nan Vernon Gleasman ya yi wa rajista a 1958. Yana tura wani kaso na ƙarfi zuwa ƙafar da ta fi riƙo, ba tare da direba ya yi komai ba. Sai dai in ƙafa ta rabu da ƙasa ɗungum, taimakonsa kaɗan ne. Mai fayafan kuma yana son mansa na musamman. In aka zuba masa man pon na gama-gari sai ya dinga kakkafewa a kwana, kuma in fayafan suka cinye ya koma kamar ba shi.

Na huɗu shi ne na motocin zamani, inda kwamfutar mota take kama birkin ƙafar da ke juyawa a banza domin ɗayar ta samu ƙarfi. Yana taimakawa a hanya mai ramuka. A cikin rairayi mai zurfi kuwa yakan zafafa birki, wani tsarin ma ya rage wutar inji a daidai lokacin da ake buƙatarta, shi ya sa aka sa maɓallin kashe shi.

Akwai wata dabara ta biyar da ta kamata a ambata domin a guje ta: walde haƙoran difaransiyel su zama dunƙule guda. Araha ce, amma motar da aka yi wa haka ba ta sake shan kwana lafiya a kan kwalta, kuma ƙarshenta karyewar sandar pon, in ba a yi sa'a ba ma hatsari.

Darasi daga ƙasashen dusar ƙanƙara

Yawancin bayanan da ake samu a kan kullen pon daga ƙasashen sanyi suke fitowa, irin su Kanada, Amurka, Rasha da Norwe, kuma motocin hannu da yawa da ke yawo a jihar Maraɗi can aka fara tuƙa su. Dusar ƙanƙara baƙuwa ce a Sahara, ko da yake ta taɓa sauka a garin Ain Sefra na Aljeriya a 1979, ta sake sauka a 2016. Duk da haka abin da direbobin can suka koya yana da amfani a nan, in an san yadda za a auna shi.

Sun rarrabe abu biyu. Akwai dusa mai zurfi, sabuwar zuba, wadda mota take nutsewa a ciki. Wannan ƴar'uwar rairayi ce. Akwai kuma wadda ta daskare ta zama santsi. Wannan ƴar'uwar taɓon fadama ce. A cikin mai zurfi kulle yana taimakawa. A kan mai santsi kuwa yana iya zama abokin gaba. Dalili shi ne, in pon a buɗe yake, ƙafa ɗaya ce take sulɓi, ɗayar tana riƙe da mota kada ta zame gefe. In an kulle, duka biyun suke sulɓewa tare, sai bayan motar ya zame, musamman a hanyar da ta karkata. In pon na gaba aka kulle, sitiyari ya yi nauyi, a juya shi mota ta ci gaba da miƙewa. Saboda haka mafi yawan ƙwararrunsu ba su yarda da mai kulle kansa a pon na gaba ba. Sun fi son na hannu, wanda ake sawa a wurin buƙata a cire nan da nan, ko kuwa mai haƙoran murɗe ga motar da ta fi zama a kan hanya. Kuma kafin su yi zancen kulle, sai sun gama zancen taya da sarƙar da suke ɗaura mata.

Direban da zai gangara gefen Gulbin Kaba bayan an yi ruwa, wannan darasi nasa ne kai tsaye: a kan laka mai santsi, a gangare, kulle yana iya jefa mota cikin rami.

Rairayi da halinsa

Kafewa a cikin rairayi iri biyu ce, kuma kowace da maganinta. Ta farko ita ce wadda aka ba da labarinta a sama, inda ƙasa ba daidai take ba, ƙafa biyu suna riƙe biyu suna banza: bakin kwari, sawun da manyan kamiyo suka zurfafa, tudun da aka hau a karkace. A nan kulle yana fid da mota cikin ƙiftawar ido. Ta biyu ita ce inda duka ƙafafu huɗu suke cikin rairayi mai laushi iri ɗaya, mota tana nutsewa saboda nauyinta. A nan in aka kulle aka ba da wuta, ƙafafu huɗu ne za su haƙa maimakon biyu, har mota ta zauna a kan cikinta.

Wannan ba sabon sani ba ne. A ranar 28 ga Oktoba 1924, motoci 8 na kamfanin Citroën suka taso daga Colomb-Béchar a Aljeriya, ƙarƙashin jagorancin Georges-Marie Haardt da Louis Audouin-Dubreuil. Kafin ƙarshen shekarar suka yada zango a Tasawa, zamanin Sarki Barmu, a kan hanyarsu ta zuwa Damagaram da Tafkin Cadi. Injinan waɗannan motoci ba su kai rabin ƙarfin motar yau ba. Abin da ya fisshe su shi ne faffaɗar sarƙar roba da aka sa musu a madadin ƙafafun baya, wadda take shimfiɗa nauyi a kan ƙasa kamar tafin raƙumi.

Motar yau tana samun irin wannan tafi ta hanyar rage iskar taya. Tayar da take ɗauke da kilo 2 da rabi ko 3 a kan kwalta, in aka mai da ita kilo 1 da rabi, wurin da take taka ƙasa yakan ƙara tsawo sosai, sai mota ta yi ta shawagi a bisa rairayi maimakon yanka shi. Dalilin da ya sa direbobi da yawa ba su yin haka sananne ne: ba su da abin mai da iskar in sun fito. Kuma suna da gaskiya, domin tayar da ba ta da isasshiyar iska, in aka yi gudu da ita a kan kwalta da zafin Afrilu, fashewa take yi. Ashe ke nan abin awon iska da ɗan injin hurawa, waɗanda kuɗinsu bai kai ko kusa da na kulle ba, su ne farkon abin saye.

Shawara ga masu saye

Ga motar ɗaukar marasa lafiya, da ta ƴan allurar rigakafi, da ta malaman gona da na dabbobi, wadda za ta yi rabin tafiyarta a kwalta rabi a rairayi, abin da ya fi dacewa shi ne kulle na hannu a pon na baya, wanda ya zo da motar daga masana'anta. Na gaba ƙari ne. Yana da amfani a wurare kaɗan, kuma shi ne ya fi saurin karya kardan in ya faɗa hannun wanda bai sani ba.

A lura da abin da aka rubuta a takarda. Kalmar bulokaji tana iya nufin abu biyu. Motocin da kullum ƙafafunsu huɗu suke ja, kamar Land Rover 110 da ta fito a 1983, suna da difaransiyel na uku a tsakiya, tsakanin gaba da baya, kuma shi ne sandarsu take kullewa. Wannan daidai yake da sa karabo a Land Cruiser 70, wadda aka fara ƙerawa a 1984. Bai taɓa pon ba. Haka kuma ba kowace Land Cruiser 70 ce take zuwa da kullen pon ba, sai an nema. Saboda haka a rubuta a fili cikin takardar oda cewa kullen pon na baya ake so, kuma ranar karɓar mota a gwada shi a gaban kwamiti, a ga fitilarsa ta kama.

In tsohuwar mota ce za a ƙara wa kulle, a tabbata ya dace da lambar pon ɗinta da yawan tsagin sandunansa, kuma makanikin da ya san daidaita haƙoran pon ne zai ɗaura. A yi tambaya tun da wuri: in tiyon iska ya tsage a ƙaya, ko ɗan injin lantarkin ya ci ruwa, a ina za a samu madadinsa, a Maraɗi ko sai an aika Yamai ko Kano? Abin da ba a iya gyarawa a jiha, ranar da ya lalace ya zama kaya kawai. Araha ba ta ado, amma tsada ma ba ita ce shaidar dacewa ba.

Abin da direba zai riƙe

Tsarin shi ne daki-daki. Kafin a shiga rairayi, a tsaya a rage iska. A kulle cibiyoyin ƙafafun gaba in motar mai irinsu ce, a sa karabo, a zaɓi giyar da za ta ratsa wurin ba tare da canji ba. In an hango wuri mai rami da tudu, a sa kullen baya tun kafin a shiga. Ba a sa kulle ƙafa tana cikin juyawa a banza. Haƙora suke karyewa. Littafin Toyota ya gargaɗi direba kada ya wuce kilomita 8 a awa muddin pon yana kulle, kuma a motoci da yawa birkin nan mai hana ƙafa daskarewa yakan daina aiki a wannan hali. Da an fita daga wurin, a cire, a tabbata fitilar ta mutu. Ba a hawa kwalta ko jan burji da kulle. In mota ta daina ci gaba, a ɗaga ƙafa daga totur nan take, a gwada komawa baya a kan sawu, a ƙara rage iska, a share gaban tayoyi da shebur, a shimfiɗa faranti ko kara. Sau ɗaya a wata kuma, ko ba a buƙace shi ba, a sa kullen a cire a kan ƙasa mai laushi, domin wanda ya shekara ba a taɓa shi ba yakan ƙi kamawa a daren da ake nemansa.

Duk wannan bai fi koyarwar wuni ɗaya ba, kuma filin gwaji ba ya wuya a ƙasar Tasawa da Mayahi. Ya kamata duk hukumar da ta karɓi sabuwar mota ta ware wannan wuni ga direbanta da mataimakinsa, ta kuma duba cewa shebur, da faranti biyu, da abin awon iska, da injin hurawa suna cikin motar kafin ta bar gareji. Motar hukuma dukiyar jama'a ce, da harajinsu aka saye ta, kuma ranar da aka kira ta da tsakar dare, ran wata ne yake jiran isowarta.